Ajiyar da Ba a Zo Karɓa Ba

A Nguru, idan ka ce kana neman Alhaji Babakura sai a tambaye ka wanne, domin suna da yawa. Amma idan ka ce Baba Fatoma, ko mai tallan ƙosai za ta nuna maka gidan, can bayan tsohuwar tashar jirgi, mai zaure biyu da darbejiya a ƙofa. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Baƙo ya shigo gari da kayansa bai san kowa ba, fatoma ne zai ba shi tabarma da buta da tuwo, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan magana ta taso. Sana'ar mahaifin Babakura ce, ya gaje ta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, zamanin da jirgin ƙasa yake shigowa garin yana kuka ya fita da gyaɗa da fatu da ƙaro.

A wancan zamanin gidan ba ya rabuwa da jama'a. Buzaye masu kanwa da dabino su ɗaure raƙumansu a gindin darbejiya. Fulani su zo da shanu, Badawa su zo da kwandunan banda daga Gashua da ƙauyukan bakin ruwa, har warin kifin ya kama bangon zaure ya ƙi fita. Harshe huɗu ake yi a kan tabarma ɗaya, Babakura yana tsakiya yana juya wa kowa maganar ɗan'uwansa. A cikin gida kuma matarsa Mairam, 'yar masuntan Dagona, tana tuƙa tuwo a tukunyar da sai mata biyu suke sauke ta daga murhu.

Mutum ne mai sakin hannu, kuma ba da nasa kaɗai ba. Idan baƙo ya yi tari da asuba, Babakura zai shiga ɗaki ya yaye bargon da ke kan gado ya kai masa, baƙon ya tafi da shi. Idan wani zai kama hanya ba shi da abin zuba guzuri, sai ya ɗauko kwanon da ya fi kyau a jeren Mairam. Ta sayi sabon shantali, kafin wata ya mutu yana kan raƙumi ya nufi arewa. Duk lokacin da ta nemi wani abu ta rasa, amsarsa guda ce, baƙo ne. Ita kuma ba mai yawan magana ba ce. Takan dube shi kawai, ta koma bakin murhu.

Ɗaki ɗaya ne a gidan hannunsa ba ya taɓa abin da ke ciki, shi ne ɗakin ajiya. Falke zai bar kayansa ya ce sai ya dawo, wata uku ko shekara uku. Dokar ɗakin tun daga mahaifinsa take: ba a kwancewa, ba a leƙawa, ba a tambayar abin da ke ciki. Ba a kuma rubuta suna, domin yawancin masu kayan ba su yarda da takarda ba. Da ƙulli ake sanin mai kaya. Kowa da yadda hannunsa yake juya igiya. Buzu yana ɗaure kaya yadda yake ɗaure sirdi, Bafulatani yadda yake turke maraƙi, masunci yadda yake haɗa bakin koma. Babakura yakan shiga ɗakin ko a duhu, ya shafa igiya da yatsa, ya faɗi sunan mai ita da garinsu. Mabuɗin yana aljihun 'yar cikinsa, kusa da ƙirji.

Daga baya jirgi ya daina zuwa. Motoci suka yi yawa, waya ta shigo, falke yakan gama ciniki tun yana garinsu, ya zo da safe ya koma da yamma, bai buƙatar tabarmar kowa. Baƙi suka ragu daga talatin zuwa goma, daga goma zuwa biyu ranar kasuwa, har ya zama mako yakan wuce ba wanda ya yi sallama sai mai neman sadaka. Babakura bai yarda an gama ba. Kullum bayan la'asar sai ya share zaure da kansa, ya shimfiɗa tabarmi, ya cika butoci ya jera su a gindin bango. Yakan leƙa ciki ya ce wa Mairam ta ƙara gari, ko wani zai sauka. Ta ƙara. Da safe a raba wa maƙwabta ɗumame.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Mairam. Daminar bana kuma ta ci bangon baya, ɗaki biyu suka zauna ƙasa. Radiyya, ɗiyarsu guda da ta rayu, wadda take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gashua, ta zo ta tarar da mahaifinta yana kwashe ƙasa da kwano. Ba ta yi masa musu ba a ranar. Ta koma ta nemo masa ciki da falo a ƙasan wani bene kusa da gidan mijinta, da ɗan kicin wanda mutum biyu ba sa gilmawa a ciki, da banɗaki a cikin ɗaki. Ba zaure, ba tsakar gida. Ƙofar ƙarfe ce ɗaya, tana buɗewa kan baranda. Ta yi ta lallashinsa wata biyu kafin ya ce to. Wani ɗan kasuwa ya sayi gidan Nguru zai rushe ya yi shaguna, aka tsayar da ƙarshen wata ranar ba da mabuɗi.

Radiyya ta auna falon da ɗakin da taku, ta zo ta shaida masa cewa abin da a-kori-kura guda za ta ɗauka shi ne iyakarsu.

Rabuwa da kayansa ba ta yi masa wuya yadda ta zata ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana bayarwa, hannunsa ya saba. Tabarmi arba'in da ɗoriya suka tafi masallacin unguwa, butoci suka bi su. Babbar tukunya ya ba matan da suke dafa abincin biki. Gadon Mairam mai rumfa ba zai shiga ƙofar benen ba, aka kwance shi aka kai wa wata marainiya da za a aurar. Randuna, turame, akusa, fitilun ƙwai da aka daina kunnawa tun tuni, duk suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kowace rana gidan yana ƙara faɗi, har tarinsa ya fara dawo masa daga bango.

Ɗakin ajiya ne ya tsayar da shi. Ɗauri bakwai suka rage a ciki, waɗanda masu su ba su dawo ba. Mahaifinsa ya bar duniya ba igiyar kowa a wuyansa, shi ma haka yake so ya fita daga gidan nan. Ya sa Radiyya ta nemo masa lambobin mutane, ya zauna a tasha yana tare direbobi da tsofaffin dillalai. Sirdin wani Buzu, jikansa ya zo ya karɓa, saurayi mai babur wanda bai taɓa hawa raƙumi ba. Gafakar littattafan wani Goni ta tafi Dapchi wajen ɗansa. Ƙoren wata Bafulatana, aka sami 'yarta a wata ruga bayan Jajimaji. Duk wanda ya zo, Babakura yakan sa kayan a gabansa ya ce ya duba ƙullin, ko an taɓa. Idan ya ce ba a taɓa ba, sai mai karɓa ya ce ya ɗauka, Babakura ya ce ya sauke nauyi. A haka shida suka fita.

Na bakwai babban kwando ne na kaba, an rufe bakinsa da tsohuwar tabarma, an ɗaure da igiyar koma. Shi kaɗai ne Babakura bai ga fuskar wanda ya kawo shi ba. Shekarar da ya je aikin hajji, shekara ashirin da shida da suka wuce, ya bar wa Mairam mabuɗin. Da ya dawo ya tarar da kwandon a kusurwa. Ya tambaye ta, ta ce masa ajiyar mutanensu ce, za a zo a karɓa. Ya shafa ƙullin, na masuntan Bade ne ba shakka, sai dai kunnensa ya kwanta ta hagu. Bai ƙara tambaya ba, don fatoma ba ya tsananta bincike. Duk Babaden da ya sauka a gidan bayan nan sai da ya nuna masa, kowa ya ce ba nasa ba ne. Shi kuma bai taɓa tunanin yawo da shi ba. Ajiya zama take yi, mai ita ne yake tafiya.

Saura kwana tara. Radiyya ta ce masa kwandon zai cinye kusurwar falo gaba ɗaya, kuma ta ji malamai suna cewa idan an yi cigiya an gaji ana iya sadakar da kaya da sunan mai shi. Ko dai a kwance a ga mene ne, wataƙila ma gara ta gama da shi. Ya ce mata bai gaji ba tukuna, kuma hannunsa bai taɓa kwance igiyar wani ba.

"Baba, mai kayan nan fa ƙila ya daɗe a ƙasa."

"Idan yana ƙasa, ai ya bar wasu a sama."

Washegari da hantsi ya sa aka ɗora kwandon a bayan mota, ya zauna kusa da taga. Kaka ce, ruwa bai gama janyewa ba. Hagu da dama shinkafa ta yi ja, goruba suna tsaye cikin ruwa har gwiwa, fararen tsuntsaye suna tashi suna sauka kamar ana shanya wanki. Ya shekara hamsin yana karɓar mutanen da suka biyo hanyar nan, shi kansa bai bi ta ya kai sau goma ba. A mararraba ya sauka, ya hau wata mota mai ɗaukar buhunan shinkafa zuwa Dagona.

A bakin ruwa ya sami tsofaffin masunta suna ɗinkin koma a inuwa. Suka gane shi, suka yi masa maraba da surukinsu, aka gaisa da Badanci gwargwadon abin da ya iya. Ya ajiye kwandon a gabansu. Suka juya ƙullin, suka miƙa wa juna magana, ɗaya ya ce wannan hannun bahago ne, kuma bahagon masunci ɗaya aka yi a garin a iya saninsu, ya rasu tun kafin a yi kwalta. Suka ce ya je ya tambayi Hamsatu, ai gidansu ne.

Hamsatu ƙanwar Mairam ce, tsohuwa yanzu, haƙoranta na gaba sun tafi amma bakin yana nan yadda ya san shi. Tana sussukar shinkafa a tsakar gida ya yi sallama. Ta ɗago ta ce lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara, tunda mijin nata ya tuna hanya. Ta tambaye shi ko kayan lefen ne ya kawo bayan shekara hamsin, ta ce idan su ne ya makara, ta yi masa tsufa, shi ma ya yi mata. Ya yi murmushi, ya zauna a tabarmar da ta shimfiɗa, ya sha ruwa, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun rabuwarsu. Sannan ya jawo kwandon ya faɗa mata abin da ya kawo shi.

Ta goge hannu a zani ta sunkuya. Ta daɗe tana kallon igiyar, wasan ya bar fuskarta.

"Wannan ƙullin babanmu ne. Shi ne bahagon. Ba shi da ɗa namiji, mu biyu ya koya wa, ni da Yaya Mairam." Ta ɗago ta dube shi. "Ni kuwa, Alhaji, ban taɓa kai maka ajiya ba."

Babakura ya sake shafa ƙullin. Wata kaza ta zo tana tsince shinkafa kusa da ƙafarsa, bai kore ta ba. Can ya ce shi bai taɓa ganin Mairam ta ɗaure kaya da igiya ba. Hamsatu ta ce yaushe zai gani, shi da yake zaure ita tana murhu.

Ta ce ya kwance. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce to ita za ta kwance, idan da laifi a rubuta mata. Igiyar ta bushe ta kama jikinta, sai da ta jiƙa ta da ruwa ta sa haƙorin gefe. Da ta ɗaga tabarmar, ƙamshin turaren wuta ya taso, tsoho, mai sanyi, irin wanda Mairam take haɗawa da hannunta kafin haɗin ya gagare ta. Hamsatu ta riƙa fito da kayan tana jerawa a kan tabarma. 'Yar tukunya wadda ba ta taɓa hawa wuta ba. Kwanon tuwo biyu da na miya biyu, masu fure, irin waɗanda aka daina kawowa kasuwa. Ƙaramin shantali, da kofin shayi biyu a naɗe cikin tsumma. Bargo guda mai kauri, asu ya ɗan taɓa gefensa. Kwalbar turaren, an toshe bakinta da ƙyalle.

Hamsatu ta zauna a kan dugaduganta. Ta ce yanzu ta tuna. Shekarar da ya tafi hajji ta je Nguru taya yayarta zama, wata rana suna tsince wake Mairam ta ce mata a duk faɗin gidan nan ɗaki ɗaya ne idan ka ajiye abu za ka dawo ka same shi. Ta ce ta ware 'yan kaya na mutum biyu, don ranar da baƙi za su ƙare ya rage daga ita sai shi. Hamsatu ta ɗauka zance ne kawai.

Babakura ya ce ai baƙi sun ƙare tana da rai. Sun fi shekara goma su biyu a gidan. Me ya hana ta faɗa masa?

"Cewa ta yi ranar da ka rufe zaure da hannunka za ta karɓi kayanta. Ka rufe?"

Ya sunkuyar da kai yana duban kofunan. Ya tuna yammacin da yakan leƙa ya ce ta ƙara gari, da yadda takan ɗauki mudu ba tare da ta juyo ba. Sau nawa ta wuce ƙofar ɗakin ajiya da tsintsiya a hannu. Ya ɗauki kofi ɗaya ya juya shi, ɗan ƙarami ne, ya ɓace a tafin hannunsa. Ya mayar da shi inda yake.

Aka kira azahar, ya je ya yi salla ya dawo. Hamsatu ta kawo masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ci loma uku don kada ta ji haushi. Sannan ya tambaye ta abin da ya dame shi tun farko: yanzu wa zai danƙa wa? Ta ce ita ba malama ba ce, amma kayan mamaciya na magada ne, shi da Radiyya da ita. Ta ce rabonta ta riga ta zaɓa. Ta naɗe igiyar a hannu ta cusa a ƙugunta, ta ce hannun babanta da na yayarta duk suna jikin igiyar, ta yafe sauran.

Ta ba shi wata igiya ta kaba ya ɗaure kwandon. Ya durƙusa ya zagaya ta sau biyu, sai ya tsaya. Ya san ƙullin mutum ɗari, amma shi ba shi da nasa, domin bai taɓa barin kaya a gidan kowa ba. Ya ɗaure yadda ya samu. Hamsatu ta duba ta ce ko akuya ba za ta zauna a wannan ba, ta ƙara masa wani a kai.

Ranar ƙarshen wata a-kori-kura ta tsaya a gindin darbejiya. Katifa, akwatin tufafi, dadduma, buta ɗaya, rediyo, kwandon. Motar ba ta ma cika ba. Babakura ya share zauren duk da ya san rushe shi za a yi, ya jawo ƙyauren da ya shekara hamsin ba a rufe shi da rana ba. Ƙyauren ya ƙi tafiya, ƙasa ta cika masa hanya, sai da shi da direban suka sa kafaɗa. Ya ciro mabuɗin ɗakin ajiya daga aljihun 'yar ciki ya haɗa da na gida ya miƙa wa mai saye. Mutumin ya ce wannan ƙaramin na ina ne, Babakura ya ce na wani ɗaki ne, ba komai a ciki.

A Gashua, bayan an shigar da kaya, ya zaunar da Radiyya a falo, ya sa kwandon a gabanta ya ba ta labari tun daga farko. Ta yi kuka kaɗan, irin na wadda za ta koma gida ta dafa wa yara abinci. Ya ce rabinsa nata ne, ta ɗiba. Ta ɗauki kwalbar turaren da bargon, ta ce ta ɗauka, ya ce ya sauke. Sauran ta ce nasa ne, kuma sun zo daidai, tukunyar kamar don kicin ɗin nan aka yi ta. Ta miƙe za ta jera su a kan kanta.

Ya ce ta bar su a ciki.

Ta ce ai yanzu ba ajiya ba ce, gadonsa ne, halalinsa. Ya ce ya sani. Amma a sana'arsu sai wani ya ce ya ɗauka kafin wani ya ce ya sauke, kuma mutum ba ya danƙa wa kansa. An ce masa za a zo a karɓa.

Radiyya ta rufe bakin kwandon. Ta taya shi tura kwandon kusurwa, ya cinye wurin kamar yadda ta faɗa.

Yanzu wata biyar ke nan yana benen. Maƙwabtansa ma'aikata ne, suna fita da safe su dawo da yamma, suna gaishe shi da ladabi a baranda su wuce su rufe ƙofa. Ba wanda ya san sunan Fatoma a unguwar, Baban Malama suke ce masa. Yana zuwa masallaci da sanda, yana sauraron rediyo, wani lokaci yakan taka har gada ya tsaya yana kallon masunta suna jan koma. Kullum da azahar Radiyya tana aiko masa da abinci a kula. Yakan zauna a ƙasa, tsakanin ƙofa da kwandon, ya buɗe kular ya ci a cikinta.